RUNDUNAR SHAHO DA TARIHIN SOJOJIN HAYA: ABIN DA LABARIN BERSERK YA ƊEBO DAGA YAƘE-YAƘEN TURAI

Yau zangonmu mai nisa ne, domin za mu tashi daga Japan mu sauka a Turai ta shekaru 600 da suka shige, kuma abin da zai kai mu can wani labarin zane ne mai suna Berserk. Masu kallon finafinan zane na Japan, waɗanda ake kira anime, sun san shi sarai: labarin wani ƙato mai ido ɗaya da hannun ƙarfe, yana saɓe da takobin da ya kusa kai shi tsawo. Da yawa sun ɗauke shi tatsuniyar dodanni da zubar da jini. Sai dai in aka tsame dodannin aka ajiye gefe, abin da ya rage tarihi ne da ya auku ga mutane masu jini da tsoka, wato tarihin rundunonin sojojin haya da suka addabi Faransa da Italiya da Jamus daga ƙarni na 14 zuwa na 17, da shugabanninsu waɗanda suka taso daga gidajen da ba kowa ba, suka ɗora ido a kan gadon sarauta.

Abin da muke son nunawa guda ɗaya ne. Abin da labarin ke kira ƙaddara, idan muka duba shi a tarihi, tarko ne da mutane suka ɗana da hannunsu. Sarki yana bukatar takobin haya, kuma yana tsoronsa. Shugaban runduna ko dai ya haye gado ko a sare shi. Ko ta wace hanya aka bi, ƙananan sojoji da manoma ne ke biyan kuɗin.

Tun da wuri mu faɗa, Berserk ba kallon yara ba ne, akwai kisa da cin zarafi masu tayar da hankali a cikinsa. Kuma za mu ba da labarin kashinsa mafi shahara har ƙarshe.

MAI ZANEN DA AIKINSA

An haifi Kentaro Miura a ranar 11 ga Yuli, 1966, a lardin Chiba na Japan. Ya fara buga Berserk a 1989 a wata mujalla ta kamfanin Hakusensha, a matsayin littafin zane mai fitowa kashi-kashi, irin wanda Japanawa ke kira manga. Daga 1992 labarin ya koma mujallar Young Animal, inda ya ci gaba da fitowa. Sunan kansa daga tsohon harshen mutanen arewacin Turai ya fito, inda ake kiran wasu mayaƙa da shi, waɗanda kan shiga fagen fama cikin wani irin fushi mai gusar da hankali.

A watan Oktoba na 1997 gidan talabijin na Nippon ya fara nuna shi a matsayin anime mai kashi 25, aka kammala a Afrilun 1998. Naohito Takahashi ne ya ba da umarni, Susumu Hirasawa kuma ya tsara kiɗan. Daga baya an yi finafinai 3 tsakanin 2012 da 2013, sannan wani sabon jeri a 2016 da 2017, amma har gobe na 1997 ne masu kallo suka fi riƙewa. Miura da kansa ya faɗi cewa zaman da ya yi da abokansa a makarantar sakandare ne ya zama tushen rundunar da ke cikin labarin, kuma yana daga cikin abin da ya yi masa tasiri wajen siffanta jaruminsa ɗan wasa Rutger Hauer, wanda ya fito a fim ɗin Flesh and Blood na 1985 a matsayin shugaban sojojin haya a Italiya ta shekarar 1501. Ke nan tun daga tushe akwai igiyar da ta ɗaure wannan zane da tarihin da za mu bibiya.

LABARIN A TAƘAICE

Guts yaro ne da wata rundunar sojojin haya ta tsinta a ƙarƙashin gawar mahaifiyarsa da aka rataye a bishiya. Ya tashi bai san wata sana'a ba sai sara da suka. Yana matashi ya gamu da Griffith, shugaban Rundunar Shaho, kyakkyawan saurayi ɗan talakawa mai farin sulke, wanda tun yana yaro a lungunan birni yake hango fadar da ke bisa tudu, ya ƙudurta a ransa sai ya mallaki masarauta tasa ta kansa. Griffith ya kayar da Guts a karon battar da suka yi su biyu, Guts ya shiga rundunarsa.

A lokacin masarautar Midland ta shafe shekara 100 tana yaƙi da maƙwabciyarta. Sarkin Midland ya ɗauki Rundunar Shaho haya, ta yi ta cin nasara har ta ƙwato ganuwar Doldrey wadda ta gagari sojojin sarki, yaƙin ya ƙare. Griffith ya samu sarauta, ya fara kusantar gimbiya Charlotte, 'yar sarki tilo. Fadawa 'yan asalin sarauta suka ƙi jininsa, suka nemi ransa da kibiya mai dafi da kuma guba, shi ma ya mayar musu da martani a ɓoye. Ya aika Guts ya kashe ƙanin sarki, a garin haka Guts ya kashe ƙaramin ɗan mutumin ba da nufi ba.

Daga nan Guts ya fara tambayar kansa: shi kuma ina nasa burin? Ya bar rundunar. Tafiyar ta girgiza Griffith, a daren nan ya shiga ɗakin gimbiya, aka kama shi. Sarki ya jefa shi kurkukun ƙarƙashin ƙasa, aka yi shekara guda ana gana masa azaba, aka tsinke jijiyoyin hannuwansa da ƙafafunsa, aka yanke masa harshe. Rundunar da jiya ake yi wa guɗa ta zama abin farauta, Casca, mace ɗaya tilo cikin kwamandojinta, ta riƙe ragowar. Da suka kuɓutar da shi, sai suka tarar da gangar jiki wadda ba ta iya ɗaga takobi. A ranar wani husufi, wani jan dutse mai siffar ƙwai da ya daɗe yana ratayawa a wuya ya buɗe ƙofar wata duniya, manyan shaiɗanu 4 suka bayyana, suka yi masa tayi: ya ba da rundunarsa hadaya, ya zama na biyar ɗinsu. Ya amince. Aka cinye mutanen da suka sayar da ransu domin ceto shi. Guts ya tsira bayan ya rasa hannun hagu da idon dama, Casca ta tsira amma hankalinta ya gushe.

YAƘIN SHEKARA ƊARI DA 'YA'YAN DA YA HAIFA

Yaƙin shekara 100 ba ƙirƙirar Miura ba ne. Ingila da Faransa sun gwabza daga 1337 zuwa 1453, shekara 116 ke nan, ana yi ana hutawa. Abin lura shi ne, lokutan hutun ne suka fi zame wa talakawa masifa. A 1356 Ingilishi suka kama Sarkin Faransa, John na Biyu, a yaƙin Poitiers. A 1360 aka ƙulla sulhun Brétigny, aka yanka masa fansar zinariya miliyan 3. Sarakuna suka sallami sojoji. To dubban mutanen da suka yi shekara 20 ba su san fartanya ba sai mashi, ina za su nufa?

Sai suka haɗa kansu ƙungiya-ƙungiya, kowace ta zaɓi shugabanta, suna kiran kansu 'yantattun rundunoni, domin ba su ƙarƙashin kowane sarki. Akwai Ingilishi a cikinsu, da mutanen Gaskoni da Biritani ta Faransa, da Jamusawa. Dabararsu ita ce su kame wata ganuwa, sannan su aika wa ƙauyukan kewaye: ko ku riƙa kawo kuɗi da hatsi da giya, ko mu ƙone ku. A ƙarshen 1360 suka kame garin Pont-Saint-Esprit a bakin kogin Rhône, suka toshe hanyar Avignon inda Fafaroma yake zaune a wancan zamani. Fafaroma Innocent na Shida ya yi musu barazana da yaƙi, daga ƙarshe dai kuɗi ya biya domin su tafi. A 1362 sojojin sarkin Faransa suka fito musu a Brignais, 'yan haya suka ragargaza su.

Wannan ita ce fuskar da anime bai cika nunawa ba. Muna ganin Rundunar Shaho a bakin wuta da dare, ana raha, ana mafarkin buɗe shago bayan yaƙi. Amma rundunar dawakai dubbai dole ta ci, kuma a tarihi abincinta daga rumbun manomi yake fitowa. Miura bai manta da batun kuɗi ba, domin ya nuna Griffith ya taɓa sayar da mutuncinsa ga wani attajirin basarake don ya samu abin riƙe rundunarsa. Runduna irin wannan kasuwanci ce, jarinta maza ne, ribarta ganima da fansa.

ITALIYA, KASUWAR TAKOBI

Inda wannan kasuwa ta fi ci ita ce Italiya. A wancan lokaci ba ƙasa ɗaya ba ce, birane ne masu arziki masu gaba da juna: Milan, Fulorens, Benis mai titunan ruwa, Pisa, Siena, ga ƙasar Fafaroma, ga masarautar Naples. Attajiran waɗannan birane sun fi son su biya wani ya yi musu yaƙi a kan su rufe shagunansu su ɗauki garkuwa. Sai a rubuta kwangila, a ƙayyade yawan barade, da watannin aiki, da jinga, da rabon ganima. Sunan kwangilar da Italiyanci kondota, shi ya sa ake kiran shugaban rundunar kondotiyere, wato ɗan kwangila.

A 1361 wata runduna mai yawan Ingilishi ta tsallako daga Faransa, aka san ta da suna Farar Runduna. Ba da jimawa ba shugabancinta ya koma hannun John Hawkwood, mutumin wani ƙauye a Essex ta Ingila, wanda ake cewa ɗan majemi ne. Mai karatu zai lura da kamanceceniya, domin farkon sunan Hawkwood shi ne kalmar shaho a Turanci, Griffith kuma Farin Shaho ake yi masa laƙabi. Hawkwood ya yi shekara 30 yana sayar da takobinsa: ya yi wa Pisa yaƙi da Fulorens, ya yi wa Milan yaƙi da Fafaroma, ya yi wa Fafaroma yaƙi da Milan. A 1375 Fulorens ta biya shi zinariya 130,000 don kawai kada ya taɓa ƙasarta. A 1377 ya auri Donnina, 'yar Bernabò Visconti mai mulkin Milan.

A farkon wannan shekara ta 1377 ne aka yi abin da ya ɓata sunansa har abada. Mutanen garin Cesena sun yi bore saboda zaluncin sojojin haya da aka jibge musu. Kadinal Robert na Geneva, wakilin Fafaroma, ya lallashe su suka ajiye makamai, sannan ya kira rundunar Hawkwood ta haɗu da waɗanda ke garin. Aka kwana uku ana kisa, dubban mutane suka halaka, har da mata da yara. Duk da haka, da Hawkwood ya mutu a 1394 Fulorens ta yi masa jana'izar girma, kuma a 1436 ta sa mai zane Paolo Uccello ya zana shi bisa doki a bangon babbar majami'ar birnin. Zanen yana nan har yau, baƙi na ɗaukar hotonsa. Mutanen Cesena kuwa ko sunayensu ba a adana ba.

WANDA YA CIMMA BURIN GRIFFITH

Shin ɗan haya zai iya zama sarki? Tarihi ya amsa da sunan Francesco Sforza. Mahaifinsa, Muzio Attendolo, mutumin ƙaramin garin Cotignola ne, ya shiga aikin soja, ƙarfinsa ya sa aka yi masa laƙabi da Sforza, daga kalmar ƙarfi a harshensu. A Janairun 1424 ruwan kogin Pescara ya ci shi yana tsallakawa da sulkensa. Ɗansa Francesco, wanda aka haifa a 1401 ba ta hanyar aure ba, ya gaji rundunar yana ɗan shekara 22.

Mai mulkin Milan a lokacin, Filippo Maria Visconti, ba shi da ɗa namiji, sai 'ya ɗaya, Bianca Maria. Don ya ɗaure Francesco a gindinsa, ya yi masa alkawarin aurenta a 1432 tana ƙaramar yarinya. Daga nan ya yi ta jan ƙafa, yau ya ba shi gobe ya hana, domin yana tsoron surukin nasa. Francesco bai yi gaggawa ba. In an hana shi sai ya koma yi wa Benis da Fulorens aiki, ya matsa wa Milan lamba har a sake nemansa. A Oktoban 1441 aka ɗaura auren a Cremona, aka ba shi garin a matsayin gara.

Da Filippo Maria ya mutu a 1447, mutanen Milan suka ce sun gaji da mulkin mutum ɗaya, suka kafa jamhuriya. Amma Benis ta taso musu, ba su da sojojin kansu, sai suka ɗauki Francesco haya. Hausawa na cewa zanen aro ba ya rufe katara. A 1448 ya ci musu yaƙin Caravaggio, cikin 'yan makonni kuma ya shirya da Benis ɗin, ya juyo da rundunarsa kan waɗanda suka ɗauke shi aiki. Ya yi wa Milan ƙawanya, ya toshe hanyoyin abinci, yunwa ta kashe mutane a tituna cikin hunturu. A Fabrairun 1450 jama'ar gari suka yi bore suka buɗe masa ƙofa, ya shiga, ya hau gadon surukinsa.

Masana tarihi sun yarda cewa ya yi mulki da hankali. Yana cikin waɗanda suka ƙulla sulhun Lodi a 1454, wanda ya kawo wa Italiya sauƙin yaƙi na shekaru kusan 40, kuma a 1456 ya kafa babban asibitin Milan. Ya mutu a kan gadonsa a 1466, zuriyarsa ta riƙe sarautar, da katsewa nan da can, har 1535. Hanyar da Griffith ya tsara ke nan daidai: nasara a fagen fama, sarauta, 'yar sarki tilo, sannan gado. Bambancinsu shi ne Francesco ya yi haƙurin shekara 18 daga alkawari zuwa gado, Griffith kuwa dare ɗaya ya rushe nasa. A ɗaya kashin labarin na gaba, Griffith ma ya dawo ya gina birni mai aminci inda talakawa ke sa masa albarka. Tambayar da Miura ya ajiye mana ita ce wadda tarihin Milan ya ajiye: asibitin da aka gina a 1456 yana wanke yunwar da aka jefa mutane a 1450?

WAƊANDA AKA SARE

A kowane Sforza guda, akwai da dama da suka ƙare a hannun hauni. Francesco Bussone, wanda aka fi sani da Carmagnola, ɗan talakawa ne da ya sake haɗe wa Filippo Maria ƙasar Milan da takobinsa, har aka ba shi auren wata 'yar gidan Visconti. Da ya ga ubangidansa ya fara zarginsa, ya koma Benis a 1425, ya ci mata yaƙin Maclodio a 1427. Sai Benis ma ta fara zarginsa da jan ƙafa da magana da abokan gaba a asirce. A 1432 majalisar birnin ta gayyace shi da sunan shawarar yaƙi, aka tarbe shi da girma, aka rufe ƙofa. An gana masa azaba, aka fille masa kai a bainar jama'a ranar 5 ga Mayu.

Jacopo Piccinino ya auri 'yar Francesco Sforza a 1464. A shekara mai zuwa Sarki Ferrante na Naples ya gayyace shi, ya yi kwanaki yana shirya masa liyafa, sannan ya kama shi, ya mutu a kurkuku. A 1499 Fulorens ta fille kan kwamandanta Paolo Vitelli saboda ya kasa cin Pisa. Niccolò Machiavelli, wanda yake ma'aikacin gwamnatin Fulorens a lokacin, ya fitar da darasin a littafinsa kan mulki da ya rubuta a 1513. A ganinsa ɗan haya in gwani ne kai zai cinye, in kuwa rago ne zai kai ka ga halaka, saboda haka babu ranar da mai mulki zai yi barci da ido biyu rufe. Abin da ya sa fadawan Midland suka ƙi Griffith ke nan tun kafin ya yi laifin komai. Ba a sarki biyu a gari ɗaya.

Na ƙarshe kuma mafi girma a wannan jeri shi ne Albrecht von Wallenstein, ɗan ƙaramin gidan sarauta a Bohemiya, ƙasar Cek ta yau. A cikin yaƙin shekara 30 da aka yi a Jamus daga 1618 zuwa 1648, ya tara wa Sarkin Sarakuna Ferdinand na Biyu runduna a 1625, bisa sharaɗin ƙasashen da ta sauka su ne za su ciyar da ita. Ya samu sarautar Friedland da ta Mecklenburg. Sarakunan Jamus suka tsorata, suka sa aka sauke shi a 1630. Da sojojin Suwidin suka ci ƙarfin Ferdinand, aka sake roƙonsa ya dawo. A ranar 25 ga Fabrairu, 1634, bayan an zarge shi da cin amana, wasu hafsoshinsa 'yan haya daga Ailan da Sikotland suka kashe amintattunsa a wurin liyafa a garin Eger, sannan suka bi shi ɗakin kwanansa suka soke shi. Wallenstein mutum ne mai tsananin yarda da duban taurari. Tun a 1608 masanin sararin sama Johannes Kepler ya yi masa lissafin tauraronsa. Kamar Griffith da jan dutsensa, ya rayu yana ganin an rubuta masa girma tun fil azal.

HANNUN ƘARFE DA ƘANANAN SOJOJI

Guts ma yana da takwara a tarihi. Götz von Berlichingen barde ne Bajamushe da aka haifa a 1480. A 1504, wajen ƙawanyar garin Landshut, harsashin igwa ya raba shi da hannunsa na dama. Maƙera suka ƙera masa na ƙarfe mai yatsu masu lanƙwasuwa, ya ci gaba da yaƙi da shi shekaru masu yawa, ya mutu da tsufansa a 1562. Miura ya ce dacewa ce kawai, bai san da Götz ba sa'ad da ya ƙirƙiri jaruminsa. Dogon takobin da ake riƙewa da hannu biyu shi ma ya wanzu a hannun dakarun haya na Jamus da ake kira Landsknecht, kuma waɗanda ke tsayawa a sahun gaba ana ninka musu albashi, domin su ne mutuwa ke fara gaisawa da su.

Rayuwar ƙaramin soja a waɗannan rundunoni ita ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Cuta da yunwa sun fi takobi kashe su, albashi kan yi watanni bai zo ba. A Maris na 1527 dakarun Sarkin Sarakuna Charles na Biyar da ke Italiya suka yi bore saboda rashin biya. Tsohon shugabansu Georg von Frundsberg, wanda suke kira uba, ya fito ya lallashe su, suka nuna shi da masu, nan take shanyewar jiki ta kama shi. Rundunar ta nufi Roma domin ta biya kanta. Ranar 6 ga Mayu ta fasa ganuwar birnin. Daga cikin dogaran Fafaroma 'yan Suwizalan, waɗanda su ma 'yan haya ne, 147 suka mutu suna tsare hanya har Fafaroma Clement na Bakwai ya tsere zuwa wata ganuwa. Aka yi watanni ana wasoso da kisa, annoba ta biyo baya ta cinye masu wasoson da waɗanda aka wasashe.

A nan ne Berserk ya yi abin da littattafan tarihi suka kasa. Ya ba ƙananan sojoji suna da fuska: Judeau mai jifa da wuƙa, Pippin ƙato marar yawan magana, Corkus tsohon ɓarawo mai baƙin baki, Gaston mai burin zama tela. Sai da mai kallo ya saba da su, sannan aka nuna masa yadda ubangidansu ya miƙa su.

TO INA ƘADDARAR?

Kalmar da labarin ya dogara a kanta a Japananci ita ce inga, wadda ta samo asali daga koyarwar addinin Buddha, ma'anarta sanadi da sakamako. Shaiɗanun labarin suna gaya wa Griffith cewa duk abin da ya same shi an riga an saƙa shi, tun daga haihuwarsa har faɗuwarsa. Amma mu lura da yadda Miura ya tsara wurin. Duk ƙarfinsu, ba su iya karɓar hadayar da kansu. Sai da suka nuna masa fadar nan ta ƙuruciyarsa, da hanyar zuwa gare ta wadda aka shimfiɗa da gawarwakin waɗanda suka mutu dominsa, suka ce masa in ya tsaya yanzu mutuwarsu ta tashi a banza. Sannan suka jira ya amince da kansa. Hujjar da suka kawo masa ita ce hujjar kowane mai buri da ya yi nisa: na riga na zubar da jini da yawa, ba zan koma ba. Mutum kan ce ƙaddara ta riga fata bayan ya gama zaɓar abin da yake so.

Tarihi ma ya nuna cewa wannan tarko ginin mutane ne, domin mutane ne suka kwance shi. Bayan sulhun Arras na 1435 Faransa ta sake cika da sallamammun sojoji, waɗanda jama'a suka yi wa laƙabi da masu fiɗa, saboda ba sa barin mutum ko da rigar jikinsa. A 1439 Sarki Charles na Bakwai ya kafa doka cewa babu mai tara runduna sai da izinin sarki. A 1445 ya zaɓi na kirki daga cikinsu ya kafa rundunoni 15 na dindindin, ana biyansu daga haraji ko ana yaƙi ko ba a yi, saura kuma aka kore su. Cikin shekara 8 Faransa ta kammala korar Ingilishi daga ƙasarta, in ban da garin Calais. Abin da aka yi shekara 80 ana gani kamar annoba daga sama, doka da albashi a kan kari suka rage masa ƙarfi. Italiya da Jamus, inda babu hukuma guda mai iya yin haka, sun ci gaba da ɗanɗana kuɗarsu har tsawon wasu ƙarnuka.

Kentaro Miura ya rasu ranar 6 ga Mayu, 2021, yana da shekara 54, sakamakon tsagewar babbar jijiyar jini da ke fita daga zuciya. A lokacin an buga sama da kwafi miliyan 50 na Berserk, kuma bai kai ƙarshen labarin ba. Daga Yunin 2022 abokinsa tun na sakandare, mai zane Kouji Mori, wanda Miura ya taɓa labarta wa yadda zai ƙare, ya ɗauki nauyin jagorantar almajiransa su ƙarasa shi. Har yanzu masu karatu na jiran ganin ko Guts zai cimma Griffith.

Mu dai da muka bi ta kan Cesena da Milan da Roma, darasinmu bai tsaya ga waɗannan biyun ba. A kowane zamani akan sami mai farin sulke da daɗin baki, wanda ke kiran matasa su zo a gina masa fada, ya ce burinsa burinsu ne. Kafin mutum ya ɗauki tutar wani, ya kamata ya tambayi kansa abin da 'yan Rundunar Shaho ba su tambaya ba sai da rana ta yi husufi: ranar da hanya ta toshe wa shugaban nan, da wa zai cike ramin?